Ɗamarar Arzika Mai Yasar Rijiya

Na ji abin da ɗayanku ya ce ɗazu, wai dukanci yanka ne da liƙi, in aka ba shi kwal na liƙi da almakashi wata guda ya ishe shi. Ban ga laifinsa ba, abin da ido ke gani ke nan daga kan tabarma. Amma tunda kun ce kuna son koyo, ku aje salula ku saurara, don ba na sa wuƙa a hannun wanda bai san nauyin da fata ke ɗauka ba. Sunana Tanko. A nan unguwar Lazare Baba Tanko baduku ake ce mini, kuma ina wannan rumfa tun kasuwar ba ta kai haka ba.

Aikin farko da aka bari na taɓa wasaki ne, babban gugan fata da ake jan ruwa da shi a rijiya mai zurfi. A ƙauyenmu ne, gabas da Dogon Dutsi, a zauren kawuna Nomau, wanda ya koya mini sana'ar. Kafin wannan rana na yi damina uku a gabansa ba abin da nake yi sai wasa wuƙa, murza zare da kakin zuma, da yanka siraran igiyoyin fata. Daga gefen fatar ake fara yankan, ana zagayawa har a kai tsakiya, kuma dole kaurin ya zo ɗaya daga farko har ƙarshe. In igiyar ta sirance a wuri guda Kawu ba ya faɗa. Naɗa ta yake yi a hannu ya fizge, ya miƙo maka guntaye biyu, ya ci gaba da aikinsa.

Wata mata ce ta kawo wasakin, ya huje a gindi. Na yanka faci na ɗinke shi, ɗinki ƙanana a jere, abin sha'awa. Kawu ya ce in kai shi rijiya in cika. Kafin ya iso baki rabin ruwan ya tsiyaye ta ramukan da basillata ta yi.

"Ka ɗinka shi kamar riga," in ji Kawu. "Ka taɓa ganin an ɗebi ruwa da riga?"

Sai ya nuna mini. Huda ƙarama ake yi, igiyar ta fi ta kauri, a shafa mata man shanu a ja ta da ƙarfi ta wuce. In ruwa ya taɓa ta sai ta kumbura ta toshe ramin da kanta. Ranar matar nan da aron guga ta shayar da awakinta, kuma Kawu ya aike ni gidanta in ba ta haƙuri da bakina.

Kayan aikin ga su nan a gabanku, ba su da yawa. Basilla uku, babba da matsakaiciya da ƙarama. Wuƙa mai lanƙwasa ta yanka, da aska ta fefe bakin fata. Dutsen wasa, katako, guduma, da wannan ƙafar ƙarfe da ake kifa takalmi a kai. Baƙin rini kuloko ne, jan kuma daga karan dafi. A mako guda za ku haddace sunayensu. Abin da ba a haddacewa ita ce fatar. Kirgi guda na saniya ba ƙarfi ɗaya ne da shi ba. Gadon baya shi ne mai ƙarfi, nan ake yanka duk abin da zai ja kaya. Ciki miƙewa yake yi, ka yi maɗauri da shi bayan kwana goma ya zama zani. Wuya yana da kauri amma sako-sako ne. Inda makiyayi ya yi wa saniya shaida da wuta, fatar ta mutu a nan. Inda wuƙar mahauci ta zame wajen fiɗa kuwa, daga waje ba ka ganin komai, sai ka juya ka bi da yatsa.

Da na zo Yamai, mutumin da ya fara kawo mini aiki wani Bazabarme ne mai amalanken jaki, yana ɗaukar yashi daga bakin kogi wajen Gaweye yana kai wa magina. Ya ajiye mini maɗaurin ƙirji ya ce in ƙara masa faɗi in cusa tsumma, jakinsa ya yi miki. Na ce ya je ya zo da jakin. Ya yi ta ƙorafi, ya ce shi ba wurin likitan dabbobi ya zo ba. Da jakin ya zo sai na ga mikin a kafaɗar hagu kaɗai yake, ta dama lafiya lau. Na auna igiyoyin ja guda biyu, ta hagu ta gaza ta dama da yatsa biyu. Duk nauyin yashin nan a kafaɗa ɗaya dabbar ke jansa, wata da watanni. Da na yi abin da ya ce, da tsummar ta sha gumi ta ci naman har ƙashi, kuma jakin nan shi ne abincin gidansa. Mai kaya ciwon yake gani, shi zai faɗa maka. Abin da ya kawo ciwon kai za ka nemo, kuma jaki ba zai buɗe baki ya taimake ka ba.

Takalmi ma haka. Ma'aikatan ofisoshin unguwar Filato suna kawo mini nasu in canja ƙasa, wannan ba ya hana ni barci. Wanda ya sa ni gumi shi ne na mahaifin Madam Saratu, wata mai jinya 'yar Maraɗi da ke aiki a nan. Tsohon manomi ne a ƙauyensu, ciwon sukari ya kashe masa jin ƙafa. Ƙayar aduwa ta huda takalmin roba ta shige shi, ya wuni yana noma a kanta bai sani ba, da kyar aka ceci ƙafar. Ta zo da tsohon takalminsa ta ce in yi daidai da shi. Na ƙi.

"Madam, in kin je gida hutun Nowel, wato Kirsimeti, ki sa shi ya tsaya a kan kwali da yamma, bayan ya wuni yana yawo. A tsaye, kada ya zauna. Ki zana kowace ƙafa daban."

"Baba Tanko, duk wannan don takalmi?"

"Ke kika ce ba ya ji. In ya matse shi wa zai gaya mana?"

Ta kawo kwalin. Ƙafar dama ta fi ta hagu faɗi sosai. Na yi ƙasan da taya, na zare wayoyin cikinta ɗaya bayan ɗaya, na shimfiɗa fatar akuya mai laushi, na fitar da duk ɗinkin waje. Ƙusa ko ɗaya ban sa ba. Da na gama na rufe ido na yi ta bin cikin da yatsa, ina neman ko da ƙullin zare guda. Ƙulli guda ya isa ya yi ƙuraje, ƙuraje su zama gyambo, gyambo ya kai mutum ga wuƙar likita. Sai da ta dawo bayan girbi ta ce ƙafar lafiya, sannan na cire kwalin daga inda na rataye shi.

Amma abin da nake son ku ji shi ne na shekarar da damina ta ƙi. Lokacin ƙarfina yana nan, ina ganin na san fata kamar yunwar cikina. Gero bai yi ba, ciyawa ba ta fito ba, dabbobi suka yi ta faɗuwa. Aikinmu ya tsaya cik. Wanda jakinsa ya mutu ba ya gyaran maɗauri, wanda ya sayar da shanun huɗarsa ba ya neman igiyar karkiya, manomi kuwa yana tafiya ba takalmi bai mutu ba. Sai in wuni a nan ban huda fata ko sau ɗaya ba. Abu guda ne ya yi yawa a shekarar, fata. Ko'ina ka duba kirgi ne, an shigo da shi daga daji a kan keke da kan raƙumi, arha kamar a ba ka kyauta. Da yawansa na mushe ne. Saniya ta mutu da yunwa, ta wuni a rana ta kumbura kafin a feɗe ta, fatar ta fara ruɓa tun daga ciki. In majemi ya iya hannunsa, bagaruwa za ta rufe wannan duka, kirgin ya fito ja mai ƙamshi.

Cikin wannan hali Arzika ya zo. Bakurfaye ne daga wajen Filinge, siririn mutum mai ƙaramar murya, sana'arsa yasar rijiya. Shi ake zura wa cikin rijiyar da ta ƙafe ya kwashe laka ya ƙara mata zurfi. A shekarar babu wanda ake nema kamarsa. Ya kwance ƙunshi ya fito da ɗamarar da yake shiga da ita. Fata ce mai faɗin tafin hannu, ninki biyu, tana zagaye ƙugu, da wasu maɗaurai biyu da ke bi ta ƙarƙashin cinyoyi, duka su haɗu a zoben ƙarfe a gaban cibiya, inda ake ɗaura igiya. Tasa ta tsufa, wajen zoben ya cinye saura kaɗan.

"Sabuwa nike so," ya ce. "Jibi da sahe."

"Jibi ya yi kusa, Malam Arzika. Ka ba ni mako."

"Garin da ke jirana rijiya guda gare su, ta ƙahe kwana tara. Mata na tahiya tun asuba su dawo da azahar da tulu guda. In ba ka iyawa ka gaya mini in nemi wani."

Ban yi aiki ba kwana da kwanaki, na ce zan iya. Majemin da na saba saye a wurinsa ba shi da kirgin da ya nuna, ya ce sai bayan mako. A hanyar dawowa na gamu da wani baƙo da kirgi a bayan keke. Na shimfiɗa guda na duba. Babu shaidar wuta, babu yankan mahauci. Na yanka gefe na ga jimar ta ratsa har tsakiya, launi ɗaya. Saura gwaji guda, kuma na san shi sarai: a yanko guntu a jiƙa shi ya kwana a ruwa, da safe a ja. Na ce a raina in na jira wannan jibi ba ta yiwuwa. Na saya.

Ɗinkin da na yi wa ɗamarar nan ban taɓa yin mai kyau kamarsa ba. Daga gadon baya na yanke ta, layi huɗu na ɗinki, wajen zoben ninki uku. Arzika ya zo ya ɗaura, ya tsuguna ya miƙe, ya ja zoben da hannu biyu. Ya gaya mini sunan garin da za shi, ya bar mini tsohuwar ya ce in yi abin da na ga dama da ita, ya tafi tasha.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, wani ya kawo ragamar jaki in sa mata sabon maɗauri. Na yanko daga ragowar kirgin nan, na jefa a kwano ya yi laushi, na tafi na sha koko na dawo. Na ɗauko na naɗa a hannu na ja don in miƙar da shi. Ko ƙara bai yi ba. Ya rabu biyu kamar gandar da ta kwana a wuta. Na yanko wani daga daidai gefen da na cire ɗamarar, na jiƙa, na jira, na ja. Haka. A bushe kirgin nan zai ɗauki sa. In ya sha ruwa ko ɗan akuya ba zai ɗauka ba. Ni kuwa na ɗaura shi a ƙugun mutumin da aikinsa shi ne ya tono ruwa ya tsaya a ciki.

Lokacin salula ba ta kai ƙauye ba. Na ɗauko tsohuwar ɗamarar daga ƙarƙashin katako. Fatarta ta tsufa amma ta gaskiya ce, ta shiga rijiya ta fito shekara da shekaru. Wajen zoben kaɗai ke son sabon ninki, kuma a duk rumfar babu fatar da na yarda da ita a ranar sai kirgin da nake zama a kai, wanda na zo da shi daga gida. Na yanke masa gadon baya. Na zuba basilla da igiyar fata da man shanu a jaka, na bar mai ragama a tsaye, na ce wa maƙwabcina tela ya ja mini ƙyauren.

A tasha ƙananan motocin hanyar Filinge sun riga sun tashi. Na samu wata kamyo, babbar motar kaya, mai ɗauke da buhunan dusa, na roƙi direban ya bar ni in hau sama. A can kan buhunan na yi ɗinkin. Motar na tsalle, basilla na zamewa, sau biyu ta shige mini tafin hannu. Kowace huda sai na jira motar ta daidaita in soka, in ja, in sake jira. Duk tsayawar da direba ya yi, don sauke buhu ko don gaisawa da wani, ina duban rana ina ganin inda ta kai. A mararraba ya sauke ni ya nuna mini wata hanyar rairayi, ya ce in bi ta kada in kauce. Gefen hanyar nan gawarwakin shanu ne, wasu sun bushe, wasu ungulu na kai. Kusan duka an feɗe su. Na ga inda kirgina ya fito.

La'asar ta yi sanyi lokacin da na fara jin guɗa. Na ɗauka biki ne. Da na matso sai na ga duk garin a bakin rijiya, mata da tuluna a jere, shanu 'yan ragowa an tsare su da sanda can baya. Ruwa ya zo. Gugan da aka jawo yanzu ba laka ba ce a ciki, ruwa ne ja mai kauri, ana ta miƙa hannu a taɓa. An gitta katon itace a bakin rijiyar, igiya biyu na bi ta kansa, ɗaya ta guga, ɗaya ta mutum. Maza shida sun riga sun jeru a kan ta biyun suna tofa yawu a hannu. Wani ƙaƙƙarfa a gaba yana cewa, "To, ya girgiza igiya, ku kama."

Ban san lokacin da na yi ihu ba. "Ku dakata! Kada ku ja!"

Guɗar ta tsaya. Ƙaƙƙarfan nan ya juyo. Daga baya na san Sanda ne, ƙanen Arzika, shi ke tsaye a kan igiyar wansa duk inda suka je.

"Kai wane ne?"

"Ni na yi ɗamarar da ke jikinshi. Tun yaushe yake ciki?"

"Tun azahar. Mi ya faru?"

"Ruwan ya kai mishi ina?"

"Ya ce ya wuce ƙugu. Malam, jiya sau biyu muka zura shi muka hiddo shi da ɗamarar nan, ba abin da ta yi."

"Jiya a bushe take."

Ya dube ni, ya dubi igiyar da ke hannunsa, ya sassauta ta a hankali. Na kwanta rub da ciki a bakin rijiyar na leƙa. Ban ga komai ba sai duhu, da wani ɗan haske can ƙasa kamar ƙwayar gero. Duk garin na tsaye a kaina suna saurare.

"Arzika!"

Muryar ta daɗe kafin ta hawo. "Wa ke nan?"

"Tanko ne, baduku na Lazare."

Sai ya ce, "Mi ya kawo ka?"

"Ɗamarar da na yi maka fatar mushe ce. Ban gwada ta a ruwa ba. Kada ka hau da ita."

Na ji mutane sun yi salati a bayana. Daga ƙasa na ji Arzika ya motsa a cikin ruwa. Can ya ce, "To yanzu fa? Ƙafafuna sun fara mutuwa, kuma numfashi ya yi nauyi nan."

"Na zo da tsohuwar, na gyara ta. Za mu zuro maka ita da igiyar guga. Ka ɗaura ta a kan waccan, kada ka kwance komi."

Sanda ya fizge tsohuwar daga hannuna ya juya ta, ya ga sabon ɗinkin da jinin hannuna a jiki. "Wanda ya yi waccan shi ya yi wagga," ya ce.

"Shi ne. In kana da wata, a zura ta."

Ba shi da wata. Ya kwance gugan, ya bi igiyar da hannu kamu bayan kamu har ƙarshe yana duba ta, ya ɗaura zoben da kansa, ya sa ƙafa ya ja ƙullin. Muka zura. Aka daɗe. Hannun mutumin da ke cikin ruwan sanyi tun azahar ba ya kama maɗauri da sauri, ga duhu. Sau biyu Sanda ya kira shi, sau biyu ya ce a jira. Rana na ta sauka. Sai igiyar guga ta girgiza.

Maza shida suka koma kanta. Aka bar mutum biyu a kan ɗayar, su riƙa tattara ta kawai kada su ɗora mata nauyi. Sanda ya ce bismilla, suka ja. Ni ina kwance inda nake, kunnena a bakin rijiyar. Fata mai kyau in ta ɗauki nauyi tana kuka, wani ƙiƙi-ƙiƙi kamar sabon sirdi. Shi nake saurare. In kukan ya ci gaba, lafiya. Ina tuna kowace huda da na yi a kan buhunan dusa, da wadda motar ta yi tsalle basilla ta kauce ta fita kusa da baki. Igiyar na hawa tana cin itacen, ƙasa na zubowa daga gefe. Wajen rabi sai kukan ya tsaya. Na ɗaga hannu, suka tsaya cak.

"Mi kuka tsaya yi?" in ji muryar daga ciki, yanzu kusa. "Na dafa bango ne. Ku ja!"

Suka ja. Kansa ya fito, duk laka, leɓɓansa sun yi fari. Sanda ya kama shi ta hammata ya fitar da shi ya zaunar a ƙasa. Mata suka fara guɗa, amma ba ta yi nisa ba, don Arzika ya ɗaga hannu. Ya kwance tsohuwar ya ajiye. Ya kwance sabuwar, mai layi huɗu na ɗinki, ya taka gefe ɗaya da ƙafa, ya kama zoben ya ja. Mutumin da ko tsayuwa ba ya iyawa. Zoben ya taho a hannunsa da guntun fata a jiki, ɗinkina yana nan daram, ko zare ɗaya bai tsinke ba.

Sanda ya shaƙe wuyan rigata ya ɗaga ni. Ban kare kaina ba, ban ga da me zan kare ba.

"Sake shi," in ji Arzika.

"Yaya, mutumin nan ya so ya kashe ka!"

"Da ya so, da yana Yamai yanzu yana shan shayi. Sake shi, ka ba shi ruwa. Daga mararraba ya tako."

A garin na kwana. Da safe na bi masu jakai na koma bakin hanya. Da na iso rumfa na kwashe ragowar kirgin na yayyanka shi ƙanana, don kada wani ya tsinta ya yi aiki da shi.

Na ɗauka ba zan sake ganinsa ba. Bayan wata guda sai ga shi da igiya a kafaɗa. Ya ce tsohuwar ta gama aikinta, sabuwa yake so, kuma wannan karon ya ba ni mako. Na sayi kirgi wurin majemina, na jiƙa guntu kwana biyu, na ja, na ba tela ya ja. Ranar da ya zo karɓa bai ɗaura ba. Ya ari bokiti ya cika da ruwa, ya tsoma ɗamarar, ya zauna muka yi hira har azahar. Sannan ya tsamo ta ya ce in biyo shi. Kun san itacen dogon yaron nan da ke bayan masu kayan miya. Ya wurga igiya ta kan babban reshen, ya ɗaura zoben, ya miƙo mini.

"Shiga."

Na shiga. Ya kira 'yan dako biyu suka ja ni sama har ƙafafuna suka wuce kan mutum, ya ɗaure igiyar a gindin itacen. Kasuwa ta taru. Mata masu tumatir na dariya har da riƙe ciki, wani na tambaya ko sata na yi. Arzika ya zauna a inuwa ya fasa goro, ya ci a hankali, yana duban ɗamarar, ba ya duban fuskata. Ruwa na ɗiga daga ƙuguna, fatar na kuka. Sai da ya gama goron ya kakkaɓe hannu ya sa aka sauke ni.

"Ta yi," ya ce. "Ni rijiyata ta fi wannan reshe nisa da ƙasa, amma ta yi."

Ɗamara biyar na yi masa bayan wannan, har ya bar shiga rijiya, kuma kowace sai da na rataya da ita kafin ya karɓa. Masu yasar da ya turo mini su ma haka, ko ba su nema ba. Yanzu ƙuguna ba ya ɗaukar wannan, ga kuma wata can a bokiti tun jiya, mai ita zai zo bayan azahar. Wanda zai fara koyo a cikinku ya tashi ya cire riga.